Sutura da Shiga a Wasan The Sims: Sharhi ta Fuskar Al'adun Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Daga cikin wasannin kwamfuta da suka bazu a duniya tun farkon wannan ƙarni akwai wani rukuni wanda ba a yaƙi a cikinsa, ba a tsere, ba a kuma neman kayar da kowa. Abin da mai wasa yake yi shi ne ya shirya mutane na hoto, ya gina musu gida, ya sama musu sana'a, ya aurar da su, sa'an nan ya zuba ido ya ga yadda zamansu zai kaya. Ana iya kiran wannan rukuni da sunan wasannin kwaikwayon rayuwa, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne The Sims. Tun watan Oktoba na 2022 kamfanin da ya mallake shi ya mayar da tushen fitowarsa ta huɗu kyauta, saboda haka duk ɗalibin da yake da kwamfuta da kuɗin intanet, a Yakasai yake ko a Gwale, yana iya sauke shi ya yi wasa.

Kafin a shiga wasan sosai akwai matakin da ba makawa sai an bi ta kansa, watau inda ake tsara kamannin mutumin hoton, a zaɓa masa fuska da launin fata da gashi da tufafi. Masu wasan suna kiran wannan mataki Create-a-Sim, su kuma mutanen hoton ana ce musu Sim. A wannan maƙala za a riƙa kiran matakin zauren shiri, mutumin kuwa ɗan Sim. A kan wannan zaure kaɗai sharhin ya tsaya, kuma ma'aunin da aka ɗauka shi ne al'adar sutura ta cikin ganuwar Kano, birnin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana saƙa da rini da ɗinki. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa zauren shiri ya ɗauki tufa a matsayin kayan da mutum ɗaya yake zaɓa don son ransa, alhali kuwa a Kano sutura magana ce da jama'a suke karantawa, mai ƙa'idoji kamar na nahawu. Don haka ƙara riga ɗaya ko biyu cikin jerin kayan wasan ba zai toshe giɓin da ke tsakanin su biyun ba.

2.0 Asalin Wasan da Tsarin Zauren Shiri

Wanda ya ƙago wasan shi ne Will Wright, mutumin Amurka. A shekarar 1991 gobarar da ta tashi a Oakland ta cinye gidansa, ya koma yana sayen kayan gida ɗaya bayan ɗaya tun daga farko, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka sa masa tunanin wasan. Sunan da aka fara kiran aikin da shi kafin a fitar da shi yana nufin gidan 'yar tsana. Kamfanin Maxis ne ya shirya shi, Electronic Arts ya fitar da shi a watan Fabrairu na 2000. Fitowa ta biyu ta zo a 2004, ta uku a 2009, ta huɗu kuma a watan Satumba na 2014.

Zauren shiri ya riƙa sauyawa daga fitowa zuwa fitowa. A ta farko mai wasa yana zaɓar kai da gangar jiki ne daga cikin waɗanda aka riga aka zana, launin fata kuwa uku ne kacal. A ta biyu aka ba shi damar gyara sassan fuska, aka kuma sa 'ya'ya su riƙa ɗauko kamannin iyayensu. A ta uku aka shigo da wata dabara mai suna Create-a-Style, wadda ta ba mai wasa ikon ɗora kowane irin zane da kowane launi a kan riga ko kujera ko labule. A ta huɗu aka janye wannan dabara, aka koma ga launuka ƙididdigaggu da kamfani ya tanada wa kowace tufa, amma aka sauƙaƙa gyaran jiki, ta yadda mai wasa zai kama hanci ko haɓa ko kafaɗa ya ja, ya ƙara ko ya rage.

An raba tufafin ɗan Sim a fitowa ta huɗu zuwa gida takwas: na yau da kullum, na babban taro, na motsa jiki, na barci, na liyafa, na iyo, na zafi, da na sanyi. A kowane gida ana iya tanadar masa shiga har biyar. Idan aka umarce shi ya sauya kaya sai ya yi juyi ɗaya kamar katantanwa, kafin ƙiftawar ido ya fito cikin sabuwar shiga. Mafi yawan kayan da ke cikin jerin yankan Turai da Amurka ne, ko da yake a hankali an riƙa ƙara na wasu al'ummu.

3.0 Kalmomin Sutura a Harshen Hausa

Kafin a auna wasan ya kamata a dubi yadda harshen kansa ya rarraba wannan fage, domin kalmomin da Bahaushe yake amfani da su ba ma'anarsu ɗaya ba. Tufa ko tufafi shi ne abin da aka saƙa aka ɗinka, watau kayan kansu. Ado da kwalliya su ne abin da aka ƙara domin ƙayatarwa. Sutura kuwa kalma ce da aka aro daga Larabci, daga tushen da yake nufin rufewa, kuma ta ɗauko nauyin mutunci da rufin asiri. Shi ya sa idan aka wanke mamaci aka sa masa likkafani akan ce an yi masa sutura, ba a cewa an yi masa ado. Sai kuma shiga, wadda take nufin yadda mutum ya haɗa kayansa ya fito gaban jama'a, da abin da jama'a suka fahimta daga fitowar. Akan ce wane ya yi shigar malamai, ko wance ta yi shiga ta kamala, ko kuma an yi shigar banza. Wanda ya ɓad da kama domin ya yaudari mutane akan ce ya yi shigar burtu, daga dabarar maharbin da yake ɗaura kan burtu a goshinsa don ya kusanci dabbobi. Ke nan ba a samun shiga sai da mai kallo.

Aikatau ma sun bambanta gwargwadon tufar. Riga sa ta ake yi, zani a ɗaura, gyale a yafa, rawani a naɗa, hula a kafa, hannun babbar riga a saɓa a kafaɗa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aiki ne da hannu yake koya, kuma ana iya yin sa da kyau ko a ɓata shi. Daɗin daɗawa, biyu daga cikinsu sun zama kalmomin mulki. Ba a cewa an ba wane sarauta kawai, cewa ake an naɗa shi, ranar kuma ranar naɗi ce. Idan aka raba shi da sarautar sai a ce an tuɓe shi. Harshen ya ɗauki hawa mulki da sauka daga kansa a matsayin sa tufa da cire ta.

Idan aka ɗora wannan rabe-rabe a kan zauren shiri za a ga cewa ya wadata da tufafi, ya kuma wadata da ado da kwalliya. Sutura da shiga ne ba su da gurbi a cikinsa. Duk waɗannan aikatau da aka jera sun tattaru sun koma guda ɗaya, watau zaɓa, wanda ake yi da danna yatsa.

4.0 Sutura a Cikin Ganuwar Kano

Dangantakar tufa da matsayi tsohuwar aba ce a Kano. Tarihin sarakunan birnin ya danganta abubuwa da dama ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ciki har da gina Gidan Rumfa, da kafa Kasuwar Kurmi, da busa kakaki, da riƙa figini, da sa takalmin gashin jimina. Marinar Ƙofar Mata ma ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da tufafin birnin da ƙauyukansa suna kai wa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta darajar abin da ake sayarwa a waje a shekara da kuɗin wuri miliyan 300. Binciken da Philip Shea ya yi a kan sana'ar rini ta ƙasar Kano a ƙarni na 19, wanda ya kammala a 1975, ya nuna muhimmancin garuruwa irin su Kura, inda ake rina baƙin rawani mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye suke matuƙar so. Har yau sunayen unguwanni irin su Soron Ɗinki da Dukawa suna tuna wa mai wucewa sana'o'in da suka kafa su.

Babbar riga ta da, kamar girke ko rigar saƙi ko ta tsamiya, aikin hannuwa da yawa ce. Mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa shi sirara-sirara, a haɗa, marini ya tsoma a karofi cikin ruwan baba da toka, mabugi ya buge ta a kan gungume har ta yi sheƙi. Kamar yadda David Heathcote ya bayyana a bincikensa na 1979 a Jami'ar Ahmadu Bello, sau da yawa malami ne yake zana surar aikin da alƙalami da tawada, sa'an nan maɗinka su bi zanen da allura na tsawon watanni. Zanen yana da sunaye: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi. Mai ido yana ganin riga daga nesa ya san abin da ta ci.

Abin da ya fi shafar wannan sharhi shi ne cewa ba kowa yake sa kowace tufa ba, ko da yana da kuɗin saye. Rawani mai kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta. Alkyabba akan yafa wa mutum ranar naɗinsa. Ja da kore a jikin namiji mai rawani a ƙofar fada yana nuna dogari ne. A Hawan Daushe, ɗaya daga cikin hawan Sallar Kano da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024, ɗan birni yana gane tawagar kowane hakimi daga kayan mahayanta. Wannan ƙa'ida ta wuce fada. Gab da jihadin 1804 Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, domin ya san abin da tufafin suke faɗa game da mabiyan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A Kano ta wannan zamani kuwa, wanda ya kafa jar hula ya fito ba zai hana mutane su danganta shi da tafiyar Kwankwasiyya ba, ko da shi launin kawai ya burge shi. Hijabi ma, wanda ya yaɗu a arewacin Nijeriya daga wajen ƙarshen shekarun 1970 ta hanyar makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin wa'azi, kamar yadda Elisha Renne ta nuna a littafinta na 2018, ya zo da tasa maganar wadda ta bambanta da ta gyale.

5.0 Inda Zauren Shiri Ya Gaza

5.1 Rabon lokuta

Gidaje takwas da aka ambata hoto ne na rayuwar ma'aikacin birni a Amurka, mai zuwa ofis da gidan motsa jiki da bakin teku. Idan Bakano zai raba tufafinsa, wani rabo dabam zai yi: kayan zaman gida, kayan kasuwa ko aiki, kayan Juma'a, kayan Salla, ankon biki, kayan zuwa gaisuwar mutuwa. Mace kuma tana da kayan da take sawa a tsakar gida da waɗanda take ƙarawa idan za ta ƙetare zaure, wanda shi ne rabo mafi girma a suturar matan birni, kuma babu alamarsa a cikin wasan. Akwai ma lokacin da ƙa'ida ita ce barin ado gaba ɗaya, watau takaba, wata huɗu da kwana goma da matar da mijinta ya rasu take yi ba kwalli ba ƙunshi ba turare. Zauren da aka gina kacokan domin ƙara ado ba shi da hanyar fahimtar cewa rashin ado ma shiga ce.

Gaskiya ne wasan ya amince akwai abin da yake iya tilasta wa mutum tufa. Wasu sana'o'i suna ba ɗan Sim kayan aiki, kuma kayan sukan sauya idan ya sami ƙarin girma. A ƙarin da aka fitar a 2015 ƙungiyoyi suna iya yin kaya iri ɗaya, abin da ya yi kama da anko. A ƙarin 2018 kuma wanda ya fita cikin sanyi da kayan zafi yakan wahala. Ke nan masu iko da tufa a duniyar wasan su ne ubangidan aiki da ƙungiya da yanayi. Iyaye da surukai da malamai da maƙwabta, waɗanda su ne masu hukunta shiga a Kano, ba su da ta cewa. Ɗan Sim zai iya zuwa gaban surukinsa ba hula, ba wanda zai ɗaga kai.

5.2 Tufa a jiki

Gazawa ta biyu daga yadda aka ƙera hoton take. Kowane ɗan Sim yana da ƙwarangwal na ɓoye wanda injin wasan yake motsawa, tufa kuwa ɓawo ce da aka manna wa wannan ƙwarangwal, duk inda ƙashi ya nufa sai ta bi. Wannan dabara ta dace da kayan da aka yanka daidai jiki, kamar kwat da wando tsuke. Idan tufa ta yi faɗi sai a ga hannu ya huda ta ya fito ta wancan gefe, ko ta sandare kamar an sassaƙa ta da itace. Saboda haka masu zane suke gudun irin waɗannan tufafi tun daga farko.

To, babbar riga faɗinta shi ne darajarta. Ta kai tsawon hannu biyu a buɗe, wani lokaci ta wuce, kuma mai ita ba ya rabuwa da gyaranta. Yakan saɓa ta a kafaɗa idan zai tashi, ya tattare ta idan zai durƙusa ya gai da babba, ya sake ta idan yana son a ga aikin da ke ƙirjinta. Yadda mutum yake sarrafa rigarsa yana nuna ko ya saba da ita ko aro ya yi. Haka gyale yake: na kan kafaɗa dabam, wanda aka ja aka rufe kai da shi da ganin babba dabam, lulluɓin amarya kuma dabam. Haka amawali, wanda basarake yake ja ya rufe baki. Idan aka zana rawani a matsayin dunƙulallen abu guda da ake kifawa a kai kamar ƙwarya, an sami siffar an rasa naɗin.

Launi ma haka. Baƙin ɗan Kura ba launi ɗaya ba ne da za a ajiye a ɗan akwati a danna. Ƙyallinsa yana sauyawa da haske, yana zuba a fatar mai shi, yana dushewa da sawa. Sabuwar shadda tana da amo idan mai ita yana tafe, rigar da aka turara tana riga mai ita isa ɗaki. Wasu wasannin sun yi ƙoƙari ta fuskar zane. Animal Crossing na kamfanin Nintendo, a fitowarsa ta 2020, yana barin mai wasa ya zana surar rigarsa ɗigo-ɗigo, inZOI kuma, wanda kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu ya fara fitarwa a watan Maris na 2025, yana barin mai wasa ya siffanta zanen da yake so da kalmomi, injin ya ɗora masa a kan yadi. Da waɗannan ana iya kwaikwayon aska takwas, sai dai a kan rigar da yankanta na wata ƙasa ne.

5.3 Daraja da hanyar samu

A fitowa ta biyu ɗan Sim sai ya je kanti ya sayi sabbin kaya da kuɗin cikin wasa. A ta huɗu kuwa duk abin da ke cikin jeri nasa ne kyauta tun ranar farko, matalauci da mai arziki ɗaya. Mai wasan ne yake biyan kuɗi na gaske ga kamfani idan yana son ƙarin kaya. Ta haka tufa ta rabu da tarihinta a cikin labarin. A Kano kuwa da wuya a sami tufa mai daraja wadda ba ta da hanyar da ta bi ta zo. Kayan Salla uba ne yake fafutukar sayen yadinsu a Kantin Kwari tun azumi bai yi nisa ba, a kai wa tela, a yi ta sintiri har daren Salla. Atamfofi da lesussukan amarya cikin akwatunan lefe suke zuwa, dangi su taru su ƙirga. Basarake ko attajiri yakan tuɓe rigar jikinsa ya ba mawaƙi, rigar ta zama shaidar abin da ke tsakaninsu. Ɗa yakan gaji rigar mahaifinsa ya ajiye ta sai ranar babban taro. Wasan da ya kira kansa kwaikwayon rayuwa, wanda ya tanadi aure da haihuwa da mutuwa, ya bar wannan babban sashe na zumunci a waje.

6.0 Inda Wasan Ya Cancanci Yabo

Ba adalci ba ne a tsaya a kan gazawa kawai. Sha'awar shirya ɗan mutum a yi masa kwalliya ba baƙuwa ba ce a gidajen Kano. 'Yan mata sun daɗe suna yin 'yar tsana da ƙashi ko kara, su roƙi ƙyallaye a wurin tela, su ɗaura mata zani da ɗankwali, har su yi mata biki da lefe da gara. Sunan farko da Will Wright ya ba aikinsa ya nuna tushen ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne yarinyar da take ɗaura wa 'yar tsana zani tana koyon ɗaurin da hannunta, ƙawayenta kuma suna gyara mata idan ta kuskure. Ƙa'idar wasan daga gida take fitowa.

Haka kuma 'yancin sa abin da ba naka ba yana da gurbinsa a al'ada, watau tashe. Daga goma ga watan azumi yaro yakan zura babbar riga, ya manna gemun auduga, ya fito a matsayin malami, yarinya kuma ta yi shigar maigida. Jama'a suna dariya domin kowa ya san ƙa'idar da aka karya, kuma kowa ya san bayan Salla za ta koma daram. Zauren shiri yana ba mai wasa irin wannan 'yanci ba iyaka, abin da yake da amfani ga yaro mai son gwada launi da tsari. Illarsa ita ce, tun da babu ƙa'idar da ake karyawa, sa rawani da sa hular kwano duk ɗaya ne.

Abin yabo na biyu ya fi komawa ga masu wasan da kansu. An gina The Sims ta yadda mutum zai iya ƙera tufa ko gashi ko fata a kwamfutarsa ya shigar da su, ya kuma raba wa wasu. Baƙaƙen fata na Amurka da Ingila sun daɗe suna kukan cewa launukan da aka tanada musu sun yi toka-toka, kitson kuma ba nasu ba ne. A 2016 Amira Virgil, wadda aka fi sani da Xmiramira, ta fitar da nata tarin launukan fata mai suna Melanin Pack. Danielle Udogaranya, wadda ake kira Ebonix, ta shahara da ƙera kitso iri-iri, har kamfanin ya zo yana aiki da ita. A watan Satumba na 2019 aka ƙara hijabi da wasu tufafin Musulmi, a watan Disamba na 2020 kuma aka ƙara launukan fata fiye da 100, bayan matsin lamba daga masu wasa. Yanzu mai son baƙi ko wankan tarwaɗa yana iya samun abin da ya kusanci fatarsa. Darasin da ke nan shi ne, waɗanda abin ya dama su ne suka fara yin aikin da hannunsu, kamfani ya biyo baya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa zauren shiri ya ƙware wajen tufafi da ado, ya kasa wajen sutura da shiga, kuma dalilan kasawar uku ne: ya raba lokutan rayuwa bisa tsarin wata al'umma, ya manne tufa a jiki ya hana ta motsin da yake ba ta ma'ana, ya kuma raba ta da hanyar da ake samunta. Abin damuwa a nan shi ne yaron birni da ya yi shekaru yana wasa a duniyar da kwat da wando su ne kayan yau da kullum, rigar kakansa kuwa, in ma an same ta, tana can cikin kayan baƙi. A hankali yana iya ɗaukar nasa a matsayin kayan wasan kwaikwayo. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma hijabin da aka zana domin dukkan Musulmin duniya a dunƙule ba zai wakilci bambancin gyale da mayafi da lulluɓi ba.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan sassan nazarin Hausa na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo. Binciken da aka yi a baya ya fi mayar da hankali ga saƙa da rini da zane, watau tufa a ajiye. Abin da ake bukata yanzu shi ne a tattara tufa a jiki: a ɗauki hoto mai motsi na yadda ake naɗa kowane irin rawani da sunan kowane naɗi, da yadda ake saɓa riga da tattare ta, da ɗaurin ɗankwali na tsofaffi da na 'yan mata, tare da bayanin wanda ya cancanci kowanne da lokacin da ake yin sa. Tsofaffin kayan da ke Gidan Makama suna bukatar a auna su a rubuta yankansu. Idan aka haɗa wannan da ɗaliban kimiyyar kwamfuta, waɗanda za su iya ƙera tufafin su shigar da su cikin wasannin da ake da su, ko su gina nasu wasan wanda a cikinsa lefe da naɗi da takaba za su zama ƙa'idoji, an sami batutuwan kundin digiri da dama. Masu naɗa wa hakimai rawani da mabugan Ƙofar Mata da maɗinkan Soron Ɗinki suna nan a raye, kuma daga gare su ya kamata a fara.